Ƙarshen kaka a Ogimachi, ƙauyen da bashin gayya ke riƙe da rufinsa

Da zarar an kai shinkafa gida a ƙauyen Ogimachi, sai aikin da ya fi girbin wuya ya taso. Ƙauyen yana kwance ne cikin wani kwari a tsaunukan lardin Gifu na ƙasar Japan, a gaɓar kogin Sho, a yankin da aka fi sani da Shirakawa-go. Mazaunansa kimanin 500 ne. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba 'yan makonni ne kawai a hannunsu, su yanko ciyawar rufi daga kan tsauni, su killace gidaje da zana, su gwada famfunan kashe gobara, su kuma yi wani babban taronsu na addini. Duk wannan kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Ita kuwa a can ba ta zuwa da wasa. In aka tara abin da ke zuba a hunturu guda yakan kusa mita 10, wadda ta kwanta a ƙasa kuma takan kai mita 2, ta rufe taga ta rufe ƙofa. Hanyar motar da ta ratsa tsaunukan Hakusan zuwa lardin Ishikawa ma rufe ta ake yi wajen 10 ga Nuwamba, ba a sake buɗe ta sai watan Yuni.

Baƙi fiye da miliyan ɗaya da rabi ke zuwa kallon wurin a shekara. Tun 1995 hukumar UNESCO ta sa Ogimachi, tare da ƙauyukan Ainokura da Suganuma na lardin Toyama, cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Kuɗi na shigowa, gwamnati na ba da tallafi, gidajen suna nan tsaye. To me ya sa mutanen garin ke zullumin gobensa? Amsar tana cikin ayyukan nan na Nuwamba, musamman cikin tambayar wa zai yi su.

Sai an fara da gidan kansa. Irin ginin suna ce masa gassho-zukuri. Rufin ciyawa ne mai tsini, gangarensa ya kusa digiri 60, don ƙanƙara ta riƙa zamewa, ruwa kuma kada ya sami wurin zama. A manyan gidaje kaurin ciyawar yakan kusa mita guda. Babu ƙusa ko ɗaya a jikin rufin. Da igiyar karan shinkafa ake ɗaure itatuwansa, da ɗanyun rassan wata bishiya da suke kira neso, waɗanda ke ƙara tamkewa in sun bushe. Saboda haka idan nauyin ƙanƙara ya danna ko iska ta buga, rufin yakan ɗan lanƙwasa ya dawo, bai karye ba. Kusan duk gidajen fuska ɗaya suke kallo: goshinsu kudu da arewa, ta yadda iskar da ke bin kwarin za ta wuce ba ta daki faɗin rufin ba, rana kuma ta busar da gefen gabas da safe, na yamma da la'asar.

Girman gidajen kuwa neman abinci ne ya kawo shi. Ƙasar noma ba ta da yawa a kwarin, don haka mutane suka dogara ga sana'o'in da ake yi cikin gida. A da, a benayen da ke ƙarƙashin rufi, hawa biyu ko uku, ake kiwon tsutsar siliki. A ramin da ke ƙarƙashin daɓe kuma, a zamanin Edo, wato daga ƙarni na 17 zuwa na 19, ake ruɓar da ciyawa da ƙasa da kashin tsutsar don samar da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. A tsakiyar ɗakin zama akwai murhu, wanda a da wuta ba ta mutuwa a cikinsa. Hayaƙin yana bi ta ratar katakon bene ya hau har ƙololuwa, kunkunniya ta lulluɓe igiya da azara, ƙwari su gudu, ciyawa ta bushe daga ciki. Wannan hayaƙi shi ne maganin rufin. Gidan da aka daina hura wa wuta kullum, rufinsa ya fi saurin ruɓewa.

Ko da hayaƙi ko babu, bayan shekara 30 zuwa 40 sai an sauke ciyawar an sa sabuwa. A nan ne maganar ta daina zama ta gini ta koma ta jama'a. Muddin aka yaye rufi, gida a buɗe yake ga ruwan sama, saboda haka dole a gama gefe guda cikin yini ɗaya ko biyu. Iyalin gida ba za su iya ba, ko su nawa ne. Sai mutum 100 zuwa 200. Wasu a ƙasa suna miƙa dami hannu da hannu, wasu a kan rufi suna jerawa suna dannawa, dattawa suna lura da gefuna, inda aikin ya fi son gwani, mata suna can suna fama da tukwane. Akwai wani aiki da sai mutum biyu da ba sa ganin juna: ɗaya a waje riƙe da wata doguwar allura ta itace da aka zura wa igiya, ɗaya a cikin bene yana ɗaga murya yana faɗa masa inda zai soka. In allurar ta ɓullo, na ciki ya zagaya igiyar a jikin itace ya mayar. Haka ake ɗinke rufin tun daga ƙasa har sama. A 2001, da aka sake rufin gidan Nagase, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙauyen, mutum kimanin 500 ne suka taru, 'yan gari da 'yan sa-kai.

Wannan tsari na taimakekeniya sunansa yui. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a kansa, gayya ce, kuma karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka kamar don su aka yi ta. Sai dai akwai wani bambanci da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne tushen matsalar. Gayyar noma a wurinmu takan zagayo cikin damina ɗaya: yau gonarka, jibi tawa. A Ogimachi kuwa, mutumin da ya hau rufin maƙwabcinsa bana, wataƙila sai bayan shekara 20 nasa rufin zai bukaci hannu. Shi ya sa kowane gida ke ajiye littafin da ake rubuta wanda ya zo da abin da ya kawo. Bashin da uba ya ci, ɗa ne zai biya. Tsari irin wannan ba ya tafiya sai in kowa ya amince cewa gidan da ya yi wa aiki zai kasance da mutane a cikinsa bayan shekara 30, kuma mutanen za su karɓi bashin da ke cikin littafin a matsayin nasu.

Yanzu a dubi yankan ciyawa, wanda shi ne babban aikin ƙarshen kaka. Galibi da bazara ake baibaya, amma ciyawar tun Nuwamban da ya wuce aka yanke ta. Lokacin yankan ƙunci gare shi. In aka yi garaje aka yanka tana ɗanya, za ta ruɓe a dami. In aka yi jinkiri ƙanƙarar farko ta kwantar da ita, ta kakkarye, ba ta da sauran amfani. Tsakanin waɗannan biyun makonni ne ƙalilan. A da kowane gida yana da filin ciyawarsa a gangaren tsauni. Da lauje ake yanka, a ɗaure dami-dami, a tsayar ya sha iska, sannan a sauko da shi. Rufi guda yana cin dubban dami, abin da fili ɗaya ba zai bayar a shekara guda ba, don haka tari ake yi shekara da shekaru. Tsohuwar ciyawar da aka sauke daga rufi kuma gona ake kai ta ta zama taki.

Filin ciyawa yana da wani hali: in ba a yanke shi kowace shekara ba, bishiyoyi ne za su cinye shi ya koma daji. Haka ya faru da mafi yawansu. Wasu an dasa musu itatuwan katako bayan yaƙin duniya na biyu, wasu an bar su kawai saboda babu mai hawa. Yau akasarin ciyawar da ke kan rufin Ogimachi sayo ta ake yi daga Gotemba, a gindin tsaunin Fuji cikin lardin Shizuoka, a ɗoro ta a mota. Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan ake shirya ranar yankan ciyawa cikin Nuwamba, 'yan sa-kai daga birane su zo, yaran makaranta su fito, dattawa su nuna musu yadda ake riƙe lauje da yadda ake ɗaurin dami. A 2020 UNESCO ta sa baibayar ciyawa da yankanta cikin jerin fasahohin ginin katako na Japan da ta amince da su a matsayin gadon al'ada. Abin a yaba ne. Amma takardar amincewa ba ta hawa tsauni.

Kuma ga inda gizo ke saƙa. Makonnin da ciyawa ke nuna su ne makonnin da ganyen itatuwan kwarin ke rikiɗa ja da rawaya, wato lokacin da motocin baƙi suka fi cika gari. Mutumin da ke da masauki ko shagon tsaraba ko gidan abinci, a cikin waɗannan kwanaki yake samun kaso mai tsoka na cinikin shekara. Ka ce ya rufe shago ya tafi tsauni da lauje, ka ce ya zubar da kuɗin da zai sayi ciyawar Gotemba har ya yi saura. In ya zaɓi shago, lissafinsa daidai ne, ba wanda zai ga laifinsa. To amma in kowa ya yi wannan lissafi mai kyau, ƙauyen ya wayi gari ba shi da fili, ba shi da mai iya yanka.

Killace gida aiki ne mai sauƙi a kan wancan. Ƙanƙarar da ke zamowa daga rufi a jikin bango take taruwa, nauyinta na iya fasa ƙofofin takarda da gilashi ya tura katako. Sai a kafa itatuwa kewaye da gida a jingina zanar ciyawa da suke kira odare, ko a jera damin da aka yanko, wanda in bazara ta yi za a kwance a yi facin rufi da shi. Wasu gidaje sun koma amfani da kwano ko roba mai bari haske ya shiga, don sun fi sauƙin ɗauka ga tsoho.

Abin da ya fi ƙanƙara ba su tsoro wuta ce. Gidan katako da ciyawa, ga wani kusa da shi, ga wani bayansa. Tartsatsi ɗaya in iska ta ɗauke shi ya isa ya tashi unguwa. Akwai manyan famfunan feshi 59 a warwatse cikin ƙauyen, kowanne a ɓoye cikin ɗan akwati mai rufi irin na gidajen. Ruwansu daga tankin da ke kan tudu yake gangarowa da ƙarfinsa, kuma aikinsu shi ne su yi labulen ruwa tsakanin gida da gida don kada wuta ta tsallaka. Sau ɗaya a shekara, a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ake buɗe su gaba ɗaya da safe. Masu hoto kan cika tudun da ke kallon gari don ganin ruwa na tashi sama da rufi. Ga 'yan gari kuwa jarrabawa ce, domin ba ma'aikatan kwana-kwana ne ke da alhakin buɗe famfunan ba, mutanen gidajen da ke kusa ne. Ranar 4 ga Nuwamba 2019, kwana huɗu bayan gobarar da ta cinye fadar Shuri a Okinawa, wuta ta tashi a wasu rumfunan ciyawa biyu kusa da wurin ajiye motocin baƙi, a tsallaken kogi. Rumfunan sun ƙone, mutanen gari suka buɗe famfuna, wutar ba ta kai ga gidajen tarihi ba.

Bayan wannan akwai zagayen gobara na kullum. An raba ƙauyen ƙungiya-ƙungiya ta maƙwabta, suna ce musu kumi, gidaje kuma suna karɓa-karɓa. Wanda layi ya zo kansa zai bi lungu-lungu yana buga katako biyu yana kira a kula da wuta, har da dare, ko da ƙanƙara na zuba. Ba a biyan kowa. Ƙungiyoyin nan su ne kuma ke yashe magudanan ruwa, su share hanyoyin tsauni, su tsaya a kan biki da jana'iza.

A cikin watan Nuwamba ne kuma ake yin Hoonko, taron tunawa da Shinran, malamin da ya kafa reshen addinin Buddha na Jodo Shinshu, wanda ya rasu a 1263. Kusan duk yankin mabiyansa ne. Ana yi a wuraren ibada irin su Myozenji, wanda shi ma rufin ciyawa gare shi, ana kuma yi gida-gida: malami ya zo ya yi karatu, dangi su taru, a jera abinci a jajayen akusa. Babu nama, babu kifi. Akwai wata awara mai tauri da ake iya ɗaure ta da igiya a ɗauka ba ta fashe ba, da ganyayen daji da aka shanya tun bazara, da miyar waken soya da aka niƙa. Mafi kyawun abin da gona ta bayar a shekara, don wannan rana ake keɓe shi, abin da baƙo bai cinye ba kuma ya ƙunsa ya kai wa na gida. Wanda ya kalli taron da idon zamantakewa zai ga wani amfaninsa: kafin sanyi ya kulle kowa a ɗaki, an ga juna, an san wanda ya tsufa, an san gidan da babu matashin da zai hau ya sauke masa ƙanƙara daga rufi.

Mutanen Ogimachi sun san yadda ƙauye ke mutuwa, domin sun gani da idonsu. A 1924 akwai gidajen gassho kimanin 300 a yankin Shirakawa. Zuwa 1961 sun koma 190. Madatsun ruwan lantarki da aka gina a kogin Sho, musamman ta Miboro da aka gama a 1961, sun nutsar da ƙauyuka. Siliki ya faɗi kasuwa. Attajirai daga birane suka riƙa sayen gidajen, a kwance su a kai wani wuri a mai da su gidan cin abinci. A 1967 mutanen ƙauyen Kazura suka tashi gaba ɗaya suka bar shi, saboda wahalar sanyi ta fi ƙarfin 'yan gidajen da suka rage. Ganin haka ne a 1971 mazauna Ogimachi suka kafa ƙungiyar kare ƙauyensu, suka ɗaukar wa kansu alkawari uku game da gida da gona da daji: ba sayarwa, ba bayarwa haya, ba rushewa. Ba gwamnati ce ta ɗora musu ba. Ita daga baya ta biyo, a 1976, ta sa wurin cikin yankunan gine-ginen gargajiya da doka ta kare, tallafin gyaran rufi ya fara zuwa.

Alkawarin ya yi aiki, ya hana 'yan kasuwar waje saye gari. Tallafin ma ya yi aiki, don sake rufin babban gida yana cin miliyoyin yen, kuɗin Japan, kuma hukuma ce ke ɗaukar mafi yawan kuɗin. Sai dai kowanne ya zo da nasa. Da kuɗi suka samu, sai ya zamana ya fi sauƙi a kira ƙwararrun masu baibaya su yi aikin cikin makonni, suna rufe inda suka yaye da tamfol, a kan a tara mutum 200 a ciyar da su, sannan a shafe shekaru ana biyan bashin yini-yini. Dattijo da matarsa waɗanda 'ya'yansu ke aiki a biranen Nagoya ko Kanazawa, da wane hannu za su biya? Mutumin kirki ba ya son cin bashin da ya san ba zai iya saukewa ba, saboda haka ba ya kiran gayya tun farko. Wanda kuma ya koma gidan zamani mai rufin kwano ya fita daga zagayen, tunda ba ranar da zai bukaci a rama masa. Yau yawancin rufin 'yan kwangila ne ke yi. Na gayya ya zama jefi-jefi, ana shirya shi da gangan don kada matasa su tashi ba su taɓa hawa rufi ba.

Babbar hanyar da aka gama a 2008, wadda ta huda tsauni da ramin Hida mai tsawon kilomita 10.7, ta ƙara wa abin gudu ta fuska biyu. Ta kusanto da asibiti da kasuwa, kuma duk wanda ya san abin da ake nufi da mara lafiya a garin da ƙanƙara ta toshe ba zai raina wannan ba. Amma ta mai da ƙauyen wurin da motar baƙi ke tsayawa awa ɗaya ko biyu ta wuce. Baƙon da bai kwana ba, abin da yake bari kaɗan ne in aka gwada da cunkoso da shara da guntun sigarin da zai iya yarwa kusa da zana. Tun 2019 sai da izinin da aka nema tun da wuri ake shiga kallon fitilun da ake haska gidajen da su a hunturu, saboda taron ya fi ƙarfin gari.

Duk gundumar Shirakawa mutanenta kimanin 1,500 ne, kuma suna raguwa kamar sauran karkarar Japan. A ganina, a nan ne alkawarin 1971 ya fara cin karo da kansa. An yi shi ne a lokacin da abin tsoro shi ne baƙo mai kuɗi ya saye gida ya kwashe. Yanzu abin tsoron ya sauya: tsohuwa ta rasu, magada suna birni, ba sa iya sayarwa, ba sa iya bayarwa haya, ba sa iya rushewa, su kuma ba za su dawo ba. Gidan yana nan, rufinsa ma tallafi zai gyara, amma sunansa ya fita daga layin zagaye, nauyin ya ƙaru a kan maƙwabta. Ɗan sa-kai zai iya zuwa ranar Asabar ya yanki ciyawa ya koma, kuma Allah ya saka masa. Buɗe famfo da ƙarfe biyun dare kuwa sai mai kwana a gari.

Ban ga hikimar yar da alkawarin ba, don ranar da aka buɗe ƙofar sayarwa, kamfanonin otal ne za su fara shigowa, su kuwa ma'aikaci za su ajiye, ba maƙwabci ba. Abin da nake gani ya dace shi ne a sassauta sharaɗin haya kaɗai, ga wanda zai zauna da iyalinsa rani da damina, ƙungiyar maƙwabta ta tantance shi, ya karɓi littafin bashin gidan yadda ya same shi, sunansa kuma ya shiga jerin masu zagayen gobara tun makon da ya tare.